Arnold Sommerfeld: Malamin Da Ya Fara Da Injiniyoyi Kana Ya Yaye Gwanayen Kimiyya

Tsakanin shekarar 1917 da 1951, sau 84 ana gabatar da sunan Shaihun Malami Arnold Sommerfeld na ƙasar Jamus domin a ba shi lambar yabo ta Nobel, amma har ya bar duniya ba a ba shi ba ko sau ɗaya. Duk da haka, mutum huɗu daga cikin ɗaliban da suka yi digirin dakta a hannunsa sun sami wannan lamba, watau Peter Debye da Werner Heisenberg da Wolfgang Pauli da Hans Bethe, ban da waɗanda suka zo wurinsa neman ƙarin ilmi bayan sun gama karatu a wasu jami'o'i. Malamai kaɗan ne a tarihin kimiyya za a iya yi wa irin wannan ƙidaya.

Fannin da ya koyar shi ne fiziks, watau ilmin da ke binciken motsi da zafi da haske da lantarki da kuma ƙwayoyin zarra waɗanda aka gina kowane abu da su. Amma kafin ya shahara a wannan fanni, sai da ya yi shekara tara yana koyar da masu haƙar ma'adinai da injiniyoyi, mutanen da ba su da haƙuri da lissafin da ba ya juya injin. A can ne ya koyi hanyar koyarwar da ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa. Wannan hanya ita ce ya kamata ɗalibanmu da malamansu, da kuma ma'aikatan da ke tsara sha'anin ilmi, su tsaya su duba da kyau.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Sommerfeld ranar 5 ga Disamba, 1868, a birnin Königsberg na gabashin Jamus ta wancan zamani, birnin da ya koma hannun Rasha bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka sauya masa suna zuwa Kaliningrad. Mahaifinsa likita ne. A jami'ar garinsu ya yi karatu, kuma lissafi ya karanta, a hannun manyan malamai irin su Ferdinand Lindemann da David Hilbert. Ya sami digirin dakta a 1891, ya ci jarrabawar zama malamin makaranta, sa'an nan ya yi aikin soja na shekara guda kamar yadda doka ta tanada a lokacin.

A 1893 ya koma Göttingen, wadda ita ce cibiyar lissafi ta Jamus, kuma a shekarar da ta biyo ya zama mataimakin Felix Klein. Shi Klein yana da wani buri da ya daɗe yana fafutuka a kai, watau ya haɗa kan masana lissafi da injiniyoyi, domin a zamanin kowane ɓangare yana raina ɗan'uwansa. Masu lissafi suna ganin injiniyoyi maƙera ne kawai, su kuwa injiniyoyi suna ganin masu lissafi 'yan ɓata alli ne. Aikin farko da Klein ya ɗora wa mataimakinsa shi ne rubuta darussan da yake bayarwa. Daga cikin darussan nan ne wani babban littafi ya fito a kan katantanwa, abin wasan da yara ke murzawa ya yi ta juyi a kan tsininsa ba ya faɗuwa. Littafin ya kai juzu'i huɗu, an fara buga shi a 1897 aka kammala a 1910. Mai karatu zai yi mamakin a ce manyan malamai sun ɓata shekara goma sha uku a kan abin wasan yara. To, ai dokar da ke tsayar da katantanwa ita ce ke hana harsashi karkacewa a iska, kuma da ita aka ƙera na'urar da ke nuna wa jiragen ruwa alƙibla. Juzu'i na ƙarshe a kan irin waɗannan amfanoni ya yi magana.

Shekarun injiniyoyi

A 1897 aka naɗa shi malamin lissafi a makarantar haƙar ma'adinai ta Clausthal. Bayan shekara uku, a 1900, aka ba shi kujerar ilmin motsi da ƙarfin injuna a babbar makarantar fasaha ta Aachen, yana ɗan shekara 31. Abokan aikinsa injiniyoyi ba su yi masa maraba da zuciya ɗaya ba, don suna ganin ɗan aiken Klein ne da aka turo ya cika musu aji da alamomin lissafi. Sommerfeld bai tsaya gardama da su ba. Abin da ya yi shi ne ya ɗauki matsalolinsu na yau da kullum, irin su birkin jirgin ƙasa da girgizar injuna da man shafe ƙarfe, ya zauna a kansu har ya warware.

Alal misali, a 1902 ya ɗaure wata 'yar motar lantarki a kan tebur, ya maƙala mata nauyi a gefe guda yadda ba za ta juya daidai ba. Da aka ƙara mata wuta sai gudunta ya ƙaru, har ta kai wani matsayi inda teburin ya kama rawa. Daga nan ko an ƙara wuta, gudun motar ba ya ƙaruwa sai kaɗan, teburin ne kawai ke ƙara girgiza. Ma'anar wannan a fili take ga duk mai masana'anta: idan ba a kafa injin bisa ƙa'ida ba, kuɗin gawayi ko na mai da yake kashewa suna tafiya ne wajen jijjiga harsashin gininsa. Duk ɗalibin da ya ga teburin nan yana rawa ba ya bukatar a roƙe shi ya koyi lissafin da ke bayyana dalili, domin gani ya kori ji.

Misali na biyu shi ne na boris da baƙin mai. Tun a 1883 wani injiniya Bature ɗan Ingila mai suna Beauchamp Tower ya lura da wani abin mamaki sa'ad da yake gwajin boris irin na ƙafar jirgin ƙasa. Ya huda rami a jikin boris ɗin ya toshe da itace, sai man da ke ciki ya ture toshiyar waje. Osborne Reynolds ya bayyana dalili a 1886: sandar ƙarfen da ke juyawa tana jan mai zuwa gefen da sarari ya ƙuntata, man ya matsu, matsin ya ɗaga sandar, har ta zamana tana iyo a kan mai ba ta taɓa ƙarfen da ke kewaye da ita. A 1904 Sommerfeld ya warware lissafin Reynolds a kan boris mai kewaye sandar duka, ya nuna yadda kaurin mai da gudun sanda da nauyin kaya da faɗin sararin da ke tsakani suke haɗuwa su zama adadi guda. Har yau injiniyoyi masu ƙera boris suna kiran wannan adadi da sunansa.

A Aachen ne kuma ya gamu da wani yaro ɗan ƙasar Holan mai karatun injiniyan lantarki, Peter Debye. Ya ga basirarsa, ya ɗauke shi mataimaki, kuma da zai bar garin ya tafi da shi. Debye ya sami lambar Nobel a 1936. An ruwaito cewa Sommerfeld yakan ce a duk abubuwan da ya gano a Aachen, babu wanda ya kai Debye.

Tsarin darasi a Munich

A 1906 Jami'ar Munich ta kira shi ya hau kujerar fiziks ta ɓangaren nazari da lissafi, tare da goyon bayan Wilhelm Röntgen, mutumin da ya gano hasken da likitoci ke ɗaukar hoton ƙashi da shi. A nan ya yi fiye da shekara talatin yana koyarwa.

Darussansa iri uku ne. Na farko shi ne babban darasi na kowa da kowa, wanda ya kasa kashi shida yana kewayawa a cikin shekara uku: motsin abubuwa masu tauri, motsin ruwa da abubuwa masu lanƙwasuwa, lantarki, haske, zafi, da kuma lissafin da ake bukata domin dukansu. Awa huɗu ake yi a mako, ban da zama na musamman da ake yi kowane mako domin warware tambayoyi. Wannan zama na tambayoyi bai ɗauke shi da wasa ba, gama a ganinsa ɗalibin da bai sha wuyar tambaya da hannunsa ba, bai san darasin ba tukuna, ko da ya haddace shi.

Na biyu shi ne darasi na musamman a kan abin da shi kansa yake bincike a lokacin. A nan yakan zaɓi maganar da ba ta gama warwaruwa ba, ya shiga aji da ita domin shi da ɗalibai su fahimce ta tare. Amfanin wannan shi ne yaro ya ga yadda babban malami ke tunani sa'ad da ba shi da amsa a aljihu, ya ga inda yake cijewa da yadda yake sake dabara. Na uku kuwa shi ne taron mako-mako, inda ake ba ɗalibi sabuwar takardar bincike da wani masani ya buga, ya je ya karanta, ya dawo ya bayyana ta a gaban jama'a, a yi masa tambayoyi.

Wata al'ada tasa ita ce ba ya jira ɗalibi ya gama karanta littattafai duka kafin ya ba shi aikin gaske. Paul Ewald ya ba da labarin yadda ya je neman abin da zai yi bincike a kai, malamin ya jawo takarda mai ɗauke da jerin matsaloli ya ce ya zaɓa. Ewald ya zaɓi wadda ta shafi yadda haske ke ratsa duwatsu masu ƙyalli, waɗanda ƙwayoyinsu ke jere sahu-sahu kamar na gishiri. A farkon 1912 ya kai wata tambaya daga aikin nan wurin Max von Laue, wani ƙaramin malami a sashen. Daga hirarsu Laue ya yi tunanin a haska irin wannan dutse da hasken Röntgen a ga abin da zai faru. Da farko Sommerfeld bai so a ɗauke mataimakinsa Walter Friedrich daga aikin da ya ba shi ba, don yana shakkar gwajin zai yi nasara. Amma an yi gwajin a sashensa cikin watan Afrilu na shekarar, ya kuwa yi nasara, kuma shi da kansa ya kai sakamakon gaban majalisar masana. Laue ya sami lambar Nobel ta 1914, kuma da wannan hanya ce masana suka riƙa gano yadda ƙwayoyin ƙarafa da magunguna suke jere.

Pauli da Heisenberg

Wolfgang Pauli ya zo Munich daga Vienna a 1918 yana ɗan shekara 18. Ba a daɗe ba aka nemi Sommerfeld ya samar da cikakken bayani a kan nazariyyar Albert Einstein game da lokaci da sarari da gudun haske, domin wani babban kundin ilmin lissafi. Sai ya miƙa aikin ga wannan yaro. An buga bayanin a 1921, shafi 237, kuma Einstein da kansa ya yaba, yana mamakin a ce ɗan shekara 21 ne ya rubuta. Malami mai son suna da ya riƙe aikin ya sa sunansa a kai.

Werner Heisenberg kuwa a 1920 ya zo, shi ma yana ɗan shekara 18. Lissafi ya so karantawa, amma da ya je wurin Lindemann, tsohon malamin Sommerfeld wanda ya riga ya koma Munich, bai sami karɓa ba. Sommerfeld ya karɓe shi, ya kuma gargaɗe shi cewa mai son manyan tambayoyi dole ya fara da ƙanana ya yi su da kyau. Tun a zangonsa na farko ya ba shi matsalar da ta gagari manya, watau yadda layukan hasken ƙwayar zarra ke rarrabuwa idan an sa ta kusa da maganaɗisu. A watan Yuni na 1922 ya ɗauke shi zuwa Göttingen domin ya saurari laccocin Niels Bohr na ƙasar Denmak, kuma a can ne Bohr ya fara sanin yaron.

Da lokacin digiri ya zo, sai malamin ya ba shi aiki daga tsohon fanninsa na injiniyoyi: me ya sa ruwan da ke gudu lami lafiya yakan hargitse idan gudunsa ya ƙaru? Heisenberg ya yi aikin, amma ranar jarrabawar baka, cikin watan Yuli na 1923, abin ya kusa lalacewa. Wilhelm Wien, malamin ɓangaren gwaje-gwaje, ya tambaye shi iyakar ƙanƙantar abin da madubin ƙara girma zai iya rarrabewa, ya kasa. Ya tambaye shi yadda batir ke aiki, nan ma ya kasa. Wien ya so ya kayar da shi, Sommerfeld ya tsaya kai da fata, aka daidaita a kan sakamako tsaka-tsaki.

Wannan labari yana nuna ƙarfin hanyar Sommerfeld da rauninta gaba ɗaya. Malamin ya yi gaskiya da ya ƙi yarda a zubar da yaro mai irin wannan basira saboda rana ɗaya, gama bayan shekara biyu, a 1925, Heisenberg ya aza harsashin sabon ilmin ƙwayar zarra, aikin da ya jawo masa lambar Nobel ta 1932. Amma Wien ma yana da gaskiya. Ɗalibin da aka jefa cikin zurfin bincike da wuri yana iya tsallake abubuwan da kowa ya kamata ya sani. Heisenberg ya koma ya karanta maganar madubin nan, kuma da ita ya yi misali a 1927 sa'ad da ya nuna cewa ba a iya sanin wurin da ƙwaya take da kuma gudunta daidai-wa-daida a lokaci guda.

Bayan an tashi daga aji

A jami'o'in Jamus na wancan zamani, shaihun malami kamar sarki yake, ɗalibi ba ya kusantarsa sai da dalili. Sommerfeld a ido ya yi kama da irinsu, ga gashin baki, ga tabon takobi a fuska tun na ƙuruciya, ga tsayuwa irin ta hafsan soja. Amma yakan gayyaci ɗalibai gidansa, yakan zauna da su a wani gidan shan gahawa kusa da jami'a ana zana lissafi ana gardama, yakan kuma tafi da su wata bukka a kan duwatsun kudancin Munich lokacin sanyi, a yi wasan sululu a kan ƙanƙara da rana, a yi hirar kimiyya da dare. Ta haka yake sanin halin kowane yaro, da abin da zai iya ɗauka, da wanda ke fama da rashin kuɗi. A wata wasiƙa da Einstein ya rubuta masa a 1922, ya ce abin da ya fi burge shi game da shi shi ne yawan matasa masu basira da ya tayar.

Koyarwarsa ba ta tsaya a Munich ba. A 1913 Bohr ya kwatanta ƙwayar zarra da cibiya wadda ƙananan ƙwayoyin lantarki ke kewayawa. A 1916 Sommerfeld ya faɗaɗa wannan nazari, ya fito da wani adadi da ke kusa da ɗaya bisa 137, wanda ke auna ƙarfin jan da ke tsakanin lantarki da haske. A 1919 ya tattara ilmin a littafi guda a kan ginin ƙwayar zarra da layukan haske, wanda aka yi ta sake bugawa ana fassarawa, har ya zama abin dogaron ɗalibai a ƙasashe da yawa. A 1928, cikin wata tafiya da ya yi ta kewaya duniya, ya sauka a Madras ta ƙasar Indiya. Wani ɗalibi da bai kai shekara ashirin ba, Subrahmanyan Chandrasekhar, ya same shi a masaukinsa yana alfaharin ya karance littafin nan. Malamin ya gaya masa gaskiya cewa sabon ilmin da su Heisenberg suka kawo ya wuce abin da ke cikin littafin, kana ya ba shi sabuwar takardarsa a kan yadda lantarki ke tafiya cikin ƙarfe. Da dabarar da ke cikin takardar Chandrasekhar ya shiga nazarin taurari, aikin da ya sa aka ba shi lambar Nobel a 1983. Linus Pauling na Amurka ma ya zauna a wurinsa a 1926.

Ƙarshen aiki

Da 'yan Nazi suka hau mulki a 1933, aka kori malamai masu asalin Yahudawa daga jami'o'i. Hans Bethe, wanda ya yi digiri a hannunsa a 1928, yana cikin waɗanda suka rasa aiki. Sommerfeld ya yi ta rubuta wasiƙu ƙasashen waje yana nema wa irinsu wurin zama. Bethe ya tafi Ingila, daga can ya wuce Amurka, inda ya bayyana yadda taurari ke samun wutar da suke haskakawa da ita, aka ba shi lambar Nobel a 1967.

A 1935 Sommerfeld ya kai shekarun ritaya, ya kuma so Heisenberg ya gaje shi. Amma wasu masana masu goyon bayan gwamnati, waɗanda ke kiran ilmin Einstein ilmin Yahudawa, suka tashi haiƙan suka hana. Bayan shekara huɗu ana ja-in-ja, a 1939 aka ba wani mai suna Wilhelm Müller kujerar, mutumin da ba fiziks ne fanninsa ba. Makarantar da aka yi shekara talatin ana ginawa ta durƙushe cikin ɗan lokaci, saboda an duba biyayyar siyasa wajen naɗi aka bar cancanta.

Tsohon malamin ya koma gida ya shiga rubuta darussansa shida na kowa da kowa. Juzu'i na farko ya fito a 1943, na ƙarshe a 1952, bayan mutuwarsa. Mota ce ta buge shi yana tafiya da jikokinsa, ya mutu ranar 26 ga Afrilu, 1951, yana da shekara 82.

Abin lura ga masu karatu

Ba dukan malamai ne za su sami ɗalibai irin Pauli ba, kuma Jamus ta wancan zamani tana da makarantun sakandare masu ƙarfi waɗanda suka riga suka gyara masa yaran kafin su iso. Amma yawancin abin da ya yi ba ya bukatar kuɗi masu yawa. Tebur da 'yar mota sun isa nuna girgizar injin. Zaman warware tambayoyi kowane mako yana bukatar alli da allo da malamin da zai duba aikin kowa. Ba yaro matsalar gaske tun da wuri yana bukatar malamin da ya san yaron, kuma ba ya kishin ɗalibi ya wuce shi.

Ga ɗalibi mai karatun kimiyya ko injiniya, ya tuna da jarrabawar Heisenberg, kada ya raina batir da madubi don yana hangen taurari. Ga jami'in da ke zaune a kwamitin ɗaukar malamai ko ƙara musu girma, ya tuna da 1939, ya kuma riƙa tambaya, bayan takardun shaida da yawan rubuce-rubuce, su wane ne mai neman aikin ya koyar, kuma ina suke yanzu.